Kwamfuta bakwai, lamba ɗaya: yadda jadawalin BIOS ya jawo wa wani yaro zargin sata a Maradi

Lamarin ya faru ne a wata cibiyar koyar da kwamfuta da ke unguwar Zariya a Maradi, irin wadda ɗalibai ke cikawa da la'asar, ƴan kasuwa kuma su leƙo a buga musu takardu. Kwamfuta goma sha takwas ce a ɗakin, dukansu Debian ke kansu, wato wani nau'in Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Sha ɗaya tsofaffin na ofis ne, Dell da HP, waɗanda aka sayo na hannu. Bakwai ɗin da suka rage kuwa haɗi ne. Kart-mer ɗinsu, wato babban allon da kowane sashe na kwamfuta ke maƙale a jikinsa, a Kano aka sayo su kwali guda, aka shigo da su ta Jibiya da Ɗan Isa, aka harhaɗa su a nan gida.

Mai wurin Alhaji ne ɗan kasuwa, ba ya zama a cibiyar, kuma ya san sandar RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta, ba ta kai taƙi ɗaya ba, aljihun riga ma ya ishe ta. Sai ya ce wa malamin da ke koyarwa ya nemo masa hanyar da zai riƙa sanin abin da ke cikin kowace na'ura ba sai an kwance ta ba. Malamin matashi ne mai kaifin kai. Ya rubuta ƴar manhaja wadda, duk lokacin da kwamfuta ta tashi, za ta aika bayani uku zuwa kwamfutar ofis: lambar UUID ɗinta (doguwar lambar shaida ta na'ura), girman RAM, da girman diski. Lambar UUID ita ce mabuɗin rajistar. In lambar sabuwa ce a buɗe mata layi, in kuwa an santa a goge tsohon bayani a rubuta sabo a kansa. Daga fayil ɗin `/sys/class/dmi/id/product_uuid` yake ɗauko ta, domin ya karanta cewa kowace kwamfuta da tata, babu biyu da suka yi tarayya.

Ba a jima ba Alhaji ya fara ganin abin da ya tayar masa da hankali. Layin da ke ɗauke da sunan tebur na 7 yau ya nuna giga 8, jibi ya nuna giga 4, bayan kwana biyu ya koma 8. Mutum ɗaya ne ke riƙe da makullin ɗakin ban da malamin: yaron da ke shara, ya buɗe da safe, ya kunna na'urori. Alhaji ya haɗa lissafinsa. A ganinsa yaron na zare sandar mai giga 8 ya sa ƙarama, in tsoro ya kama shi ya mayar. Aka karɓe makullin, aka riƙe masa kuɗin wata. Yaron ya yi ta rantsuwa, ba wanda ya saurara.

Akwai wata alama da ta kamata ta tsayar da kowa tun farko: layi goma sha uku ne a rajistar, alhali na'ura sha takwas ce a ɗakin. Malamin ya ɗauka wayoyin sadarwa ne suka lalace, shi ya sa biyar ba su aiko da bayaninsu ba, ya bar gyaransu sai ya samu sarari.

Abin da na tarar

Da aka kira ni a matsayin mai gyaran kwamfuta, Alhaji da kansa ya juyo mini da allon kwamfutar ofis. Ya ce, "Malam, na'ura ba ta ƙarya. Ga shi nan a rubuce."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. Amma a bar ni in fara buɗe tebur na 7 ɗin in gani da idona."

Na kwance murfin. Ƙurar hunturu ta kwanta luf a kan komai, har da fararen maƙallan nan biyu da ke riƙe sandar RAM ta kowane gefe. Wanda duk ya taɓa zare sanda ya san dole ya danna maƙallan da babban yatsa, kuma yatsa na barin sawu a ƙura. Babu sawu ko ɗaya. Sanda guda ce, mai giga 8, kuma da na tayar da na'urar na buga `sudo dmidecode -t 17`, umarnin da ke nuna bayanin sandunan RAM, haka ta nuna. Wannan bai wanke yaron gaba ɗaya a idon Alhaji ba, amma ya isa ya sa a koma kan rajistar.

Na karanta `product_uuid` a tebur na 7, sai ga wannan:

`03000200-0400-0500-0006-000700080009`

Duk wanda ya daɗe yana gyaran kwamfutocin haɗi ya san wannan lamba da gani. Na matsa tebur na 8, ita ce dai. Na 9, ita ce. Duka bakwai ɗin da kart-mer ɗinsu ya fito daga kwali ɗaya lamba ɗaya suke amsawa. A gurbin sunan kamfani da lambar siriyal kuma, rubutun da ke ciki shi ne `To Be Filled By O.E.M.`, wato saƙon da mai rubuta BIOS, ƴar manhajar da ke kan kart-mer wadda ke fara tayar da na'ura, ya bar wa mai haɗa kwamfuta cewa ya cike gurbin da kansa. Ba wanda ya cike.

Daga nan komai ya warware. Tebur na 7 ne ya fara shiga rajista, shi ya sa layin ya ɗauki sunansa, amma na'ura bakwai ne ke rubutu a kan layin, kowace ta goge na ƴar'uwarta. Huɗu na da giga 8, uku na da giga 4. Ranar da wuta ta zauna, yaron kan kunna su a jere daga bakin ƙofa zuwa taga, ta ƙarshen tashi kuma mai giga 8 ce. Ranar da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, kowane ɗalibi ya kunna wadda yake zaune a gabanta, wadda ta tashi a ƙarshe ita ke da layin. Da muka jera ranakun da RAM ta "ragu" da ranakun da malamin ya tuna an sayi man janareta, sai suka zo daidai.

Daga ina kanel ke samo lambar

Malamin bai gamsu nan take ba, kuma na ji daɗin haka. Tambayarsa ita ce: to ai Linux ne ya ba ni lambar, ta yaya zai ba ni abin da ba gaskiya ba? Amsar na buƙatar a bi hanyar da lambar ta biyo, don haka muka zauna a gaban allo.

Kanel, wato ɓangaren Linux da ke hulɗa kai tsaye da ƙarfen na'ura, ba ya auna wannan bayani, karanta shi yake yi. BIOS ne ke shimfiɗa wani jadawali a ƙwaƙwalwar kwamfuta tun kafin Linux ya tashi. Sunan ƙa'idar jadawalin SMBIOS, ƙungiyar DMTF ce ke kula da ita, a cikin Linux kuma an fi kiransa DMI. Aikin karanta shi yana cikin fayil ɗin `drivers/firmware/dmi_scan.c`.

Abu na farko shi ne a gano inda jadawalin yake. A na'urar da ta tashi ta UEFI, wato sabon salon BIOS, BIOS ɗin ne ke miƙa wa kanel adireshin kai tsaye. A tsohuwar hanya kuwa sai an yi lalube: kanel ya bi wani yanki mai kilobayit 64, daga adireshi 0xF0000 zuwa 0xFFFFF, yana tsallen bayit 16-16, yana neman tambari. Tambarin `_SM3_` na SMBIOS 3.0 ne, wadda ta fito a 2015 ta ba da damar ajiye jadawali a adireshi mai bit 64. Na da kuwa `_SM_` ne, da `_DMI_` bayit 16 gaba da inda ya fara. In ya ga tambari sai ya tara bayit ɗin wannan ƴar mashiga, ya tabbatar jimillar ta rabu da 256 ba saura. In ta rabu, ya yarda ba dace ba ne, ya ɗauki adireshin ainihin jadawalin da lambar sigarsa. Wannan ne ake gani a farkon `dmesg`, wato saƙonnin da kanel ke rubutawa yayin tashi, layin da ke faɗin sigar SMBIOS da wanda ke bi masa mai farawa da `DMI:`.

A lura da abin da wannan tantancewa ta tabbatar: mashigar ba ta lalace ba, shi ke nan. Ba ta ce komai ba game da gaskiyar abin da ke cikin jadawalin.

Jadawalin kansa rukuni-rukuni ne. Kowane rukuni na farawa da bayit huɗu: ɗaya na nau'i, ɗaya na tsawo, biyu na lambar riƙo. Nau'i na 0 bayanin BIOS ne, na 1 na kwamfutar gaba ɗaya, na 2 na kart-mer, na 3 na akwatin, na 4 na furosesa, na 17 na kowace sandar RAM, na 127 kuma shi ke cewa an zo ƙarshe. Wani abin sha'awa a tsarin shi ne sunaye ba sa zama a gurbinsu. A gurbin sunan kamfani lamba ce kawai, misali 1, ma'ana ka je ƙarshen rukunin ka ɗauki rubutu na farko. Rubutun suna jere a bayan rukunin, kowanne ya ƙare da bayit sifili, sifili biyu a jere kuma su rufe rukunin. In lambar gurbin 0 ce, babu rubutu ke nan.

Don malamin ya gani ba ta bakin wata manhaja ba, na loda `dmi-sysfs` na buɗe masa ɗanyen rukunin da `hexdump`, daga `/sys/firmware/dmi/entries/1-0/raw`. Bayit na farko 01, nau'i na ɗaya. Na biyu 1b, wato tsawon bayit 27. Sai lambar riƙo, sai 01 02 03 04 masu nuni ga sunan kamfani, sunan kaya, siga da siriyal. Daga nan sai bayit 16 na UUID:

`00 02 00 03 00 04 00 05 00 06 00 07 00 08 00 09`

Ya ɗan yi shiru yana kallo, sannan ya ce, "Yaya, ai wannan ƙirga ce kawai, biyu, uku, huɗu, har tara." Ita ce kuwa. Wani ne ya zauna ya cike gurbin da ƙirga don kada ya zauna fanko, da nufin masana'anta ta sa ta gaskiya daga baya. Manyan kamfanoni na yin wannan mataki ga kowace na'ura kafin ta bar masana'anta, shi ya sa a kan Dell za ka tarar da lambar nan mai harafi bakwai da ke manne a bayan akwati ita ce dai a `product_serial`. Mai sayar da kart-mer tsurarsa kuwa bai san akwatin da za a sa shi ba, sau da yawa haka yake barin gurbin. Jadawalin nan kamar rubutun bayan buhu yake: buhun shinkafa ne da tambarinsa, amma a kasuwar Maradi sau nawa ka kwance bakin irinsa ka tarar da gero?

Kanel na da tacewa guda a kan UUID. In bayit 16 ɗin duka 00 ne, ko duka FF, ba ya ajiye ta, domin ƙa'idar SMBIOS ta ce waɗannan biyun na nufin babu lamba. Ƙirgar biyu zuwa tara ba ta cikin biyun, sai ta wuce.

Malamin ya ce to me ya hana a koya wa kanel ya riƙa watsi da irin waɗannan na bogi? A nan ni ina bayan masu kanel ɗari bisa ɗari. Dalilin da ya sa yake karanta jadawalin tun da sassafen tashinsa, kafin ma ya gama tsara rabon ƙwaƙwalwa, shi ne ya san irin na'urar da yake kai. Akwai kwamfutocin da ba sa sake tashi sai ta wata hanya ta daban, akwai waɗanda allon bugunsu ko hasken fuskarsu ke buƙatar dabara ta musamman. Direbobi, wato ɓangarorin kanel masu sarrafa kowane sashe na na'ura, na ɗauke da jerin irin waɗannan na'urori, kowane layi da sharaɗi har huɗu, `dmi_check_system` kuma ya gwada su da abin da jadawali ya faɗa. `DMI_MATCH` na neman guntun rubutu a cikin sunan, `DMI_EXACT_MATCH` kuwa sai sunan ya zo daidai harafi da harafi. Har akwai ƙananan kwamfutocin hannu da masu ƙera su suka bar `Default string` a gurbin suna, kuma kanel na gane su ne da wannan rubutun na bogi haɗe da ranar da aka fitar da BIOS ɗin, don ya san ta wane gefe zai juya hoton fuskarsu. Da kanel na share abin da ya ga bai yi masa kama da gaskiya ba, da waɗannan na'urori sun rasa gyaransu. Abin da yake nema a jadawalin shi ne wane iri ce. Tambayar wace ce a cikin irinta ba tasa ba ce, miƙa lambar kawai yake yi ga mai izinin `root`, wato mai cikakken iko a kan na'urar, kamar yadda ya same ta. Jean Delvare, wanda ke kula da `dmidecode` da wannan ɓangare na kanel, ya daɗe yana gargaɗin cewa bayanin jadawalin bai fi ƙarfin wanda ya rubuta shi ba, kuma gargaɗin na nan a takardar bayanin manhajar.

Layi na goma sha uku

Saura lissafi ɗaya da bai fita ba. In bakwai sun haɗu a layi guda, ga kuma sha ɗaya, layi sha biyu ya kamata a gani. Daga ina na sha uku ya fito?

Muka bi layukan ɗaya bayan ɗaya, sai ga biyu masu lambobi kusan iri ɗaya. Rabin ƙarshe bai bambanta ba ko kaɗan, rabin farko kuwa haruffan ɗaya ne amma a juye bibbiyu, kamar a ce 12345678 ta koma 78563412. Ɗaya daga cikin layukan ya daɗe bai motsa ba. Malamin ya tuna ya taɓa sabunta BIOS ɗin wata tsohuwar na'ura don ta karɓi RAM mafi girma.

Dalilin sananne ne. Kafin SMBIOS 2.6, wadda ta fito a 2008, ƙa'idar ba ta fayyace ta wane gefe ake karanta kashi ukun farko na UUID ba, kowa ya yi yadda ya fahimta. Siga ta 2.6 ta yanke cewa ƙaramin bayit ne ke gaba a waɗannan kashi uku. Saboda haka kanel ke duba lambar sigar: in ta kai 2.6 ya juya su, in ba ta kai ba ya karanta su yadda suke a jere. Sabon BIOS ɗin ya ɗaga sigar, bayit ɗin ba su canza ba, karatunsu ne ya canza, rajistar kuma ta ɗauka baƙuwa ce ta shigo. Ashe ba biyar ne suka ɓace daga rajistar ba, shida ne, ga kuma layi ɗaya na na'urar da babu ita. Wayoyin sadarwa lafiyarsu ƙalau.

Gyaran da aka yi

Tunanin malamin na farko shi ne ya koma kan `/etc/machine-id`, lambar shaidar da Linux ke ajiye wa kansa a diski. Muka duba, sai ga shi iri ɗaya a duk ɗakin, har da Dell da HP, domin diski guda aka girka aka kwafe shi a kan sauran. Wannan gyaransa mai sauƙi ne: a goge fayil ɗin tare da `/var/lib/dbus/machine-id`, a buga `systemd-machine-id-setup`, kowace ta samu nata. Mun yi hakan, amma ban yarda ya zama mabuɗin rajista ba, tunda lambar diski take bi, ranar da aka sake girka Debian kuma ta tafi.

Ya kuma tambaya ko za a iya rubuta sabuwar UUID a cikin BIOS ɗin. Ana iyawa, masu ƙera BIOS na da manhajojin yin haka. Na hana. Rubutu ne a kan ƴar ƙwayar da kwamfuta ke tashi da ita, kuma a garin da wuta kan ɗauke ba sallama, kuskure ɗaya ya isa ya kashe kart-mer. Bai dace a sa na'ura bakwai a wannan haɗari don gyaran rajista ba.

Abin da muka tsayar shi ne cibiyar ta raɗa wa kayanta lamba da kanta. An rubuta lamba da fenti a jikin kowane akwati, an ajiye ita dai a wani ɗan fayil cikin `/etc`, ita ce mabuɗi yanzu. A ƙarƙashinta manhajar na aiko da adireshin MAC, wato lambar shaidar katin sadarwa, siriyal ɗin diski daga `lsblk`, siriyal da lambar ƙirar kowace sandar RAM daga rukuni na 17, sannan UUID da siriyal ɗin SMBIOS a matsayin ƙarin shaida kawai. An sa mata jerin rubutun bogi da aka sani, irin su `To Be Filled By O.E.M.`, `Default string`, `System Serial Number` da lambar ƙirgar nan ta fuskokinta biyu, in ta ci karo da ɗaya ta rubuta "babu". Mafi muhimmanci a wurina, an daina goge tsohon bayani. Kowane tashi na ƙara sabon layi ne da kwanan wata da sa'a. Da haka aka tsara ta tun farko, da an ga adireshin MAC bakwai na karɓa-karɓa a ƙarƙashin lamba ɗaya, da maganar ba ta kai kan yaron ba.

Na roƙi Alhaji ya zo ya tsaya a ɗakin. Muka kunna tebur na 9 mai giga 4, tsohuwar rajista ta ce tebur na 7 ya koma giga 4. Muka kunna na 7, ta ce ya koma 8, alhali murafen duka a ɗaure suke, ba wanda ya taɓa su. Ya sa aka maimaita, shi da kansa yake danna makunnin. Daga nan ya aika aka kira yaron, ya ce masa a gaban malamin da ɗaliban da ke wurin, "Ɗana, ka yafe mini, na ɗora maka abin da ba ka yi ba." Ya mayar masa da makullin da kuɗinsa. A gaban mutane aka zarge shi, kuma na ji daɗi da aka wanke shi a gabansu.

Gurbi ɗaya ya rage wanda manhaja ba ta iya cikewa. Sandunan RAM uku masu araha siriyal ɗinsu sifili ne zalla a rukuni na 17, don haka in an musanya ɗaya da irinta rajista ba za ta gane ba. Waɗannan an ɗiga musu jan fenti a gefe, an rubuta lambar teburinsu a ƴar takarda an manna. Malamin kuma ya shirya kile na USB mai ɗauke da Linux, duk kwamfutar da za a sayo wa cibiyar sai an tayar da ita da shi a shagon mai sayarwa, an buga `dmidecode -t 1` da `dmidecode -t 17`, an gwada abin da suka nuna da takardar da ke manne a jikin akwatin kafin a biya kuɗi.